Abin da Ke Cikin Haɗin Ta-Wara

Zuwa ga autata Zulai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ki cikin lafiya da kwanciyar rai. Allah da ya kai ki Kontagora lafiya ya tsare ki a cikinta, ya haɗa ki da abokan zama nagari, ya raba ki da sharrin mutum da na aljan, da sharrin abin da mutum ke sayowa da kansa ya kai ɗakinsa. Amin.

Yau kwana tara da tafiyarki makaranta. Ba zan cika ki da labarin gida ba, don babu shi. Gidan dai ya yi mini yawa. Har yanzu in na tashi auna shinkafa ta mutum biyu nake aunawa, sai na ɗora tukunya in tuna. Kajin gidan nan ba su taɓa ƙiba irin ta makon nan ba.

Kin tuna a tasha, mota na shirin tashi, kika riƙe bakin mayafina kika ce, "Inna, kar ki manta da alkawarin haɗin nan. 'Yan matan makaranta na son man da ke sa haske. In na iya shi, ba sai na riƙa damun ki da zancen sabulu da omo ba." Na ce miki to, zan rubuto. Ga shi na rubuto. Sai dai kin san halin tsohuwa, in aka tambaye ta hanyar kasuwa daga rijiyar gidansu take farawa. Ki samu wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe, kar ki tsallake kina neman inda aka jera sunayen kaya.

Kin taso kin ji ana kirana Ta-Wara mai haɗi, kin ji mata na cewa a zamanina babu amaryar da za a kai ɗaki a unguwarmu ba a biyo ta hannuna ba. Gaskiya ne. Abin da ba ki ji ba shi ne yadda na fara, da yadda na bari.

Da babanki ya auro ni daga Wara ya kawo ni Yelwa, baƙa ce ni wuluk, irin baƙin da ke sheƙi. Kakarki ba ta san wani mai ba sai man kaɗanya da alayyadi, wanka kuwa sabulun salo. Sana'ata ta gado ce, bandar kifi. Babanki ya fito da jirgi, mu mata mu tare shi bakin ruwa, mu gyara kifi, mu jera a kan waya, mu wuni cikin hayaƙi da rana. Ban taɓa jin cewa akwai abin da ya rage mini ba, sai ranar wani biki a Shanga. An tara mu za a ɗauki hoto, sai wata ƙawar amarya, 'yar birni, ta dube ni ta ce, "Kai, ku matso da Ta-Wara bakin ƙofa, in ba haka ba haƙoranta kaɗai za su fito." Aka yi dariya. Ni ma na yi, har da tafa hannu.

Ita wadda ta faɗa, na tabbata kafin a sauke tukunyar biki ta manta. Ni kuwa na ƙulle maganar a haɓar zane na taho da ita gida. Na kwana da ita, na tashi da ita, ranar kasuwa ta zagayo na kai ta rumfar wata Hajiya mai kayan kwalliya. Ta ba ni wani mai a kwalba, da sabulu ja mai nauyi, da 'yan tub ɗin nan da ake matsowa kamar man goge baki.

Kuskurena na farko ke nan, Auta. Na ɗauki wasan biki na kai shi kasuwa. Inda kike yanzu za ki ji irin maganar nan da yawa, don ɗakin 'yan mata takwas ba ya rasa mai kaifin baki. In an faɗa, ki rama in kina da abin ramawa, in babu ki yi dariya. Amma ki bar maganar nan inda ta faɗi. Kar ki ɗauke ta, kar ki ba ta wurin kwana.

Man nan ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Kafin mako biyu na fara washewa. Mata bakin ruwa suka fara cewa, "Ta-Wara, mi kike ci ne ba ki ba mu?" Daɗi ya kama ni. Da na ga na kwalba na tafiyar hawainiya, sai na matse tub biyu a ciki. Na ga ya ƙara sauri, na kankare sabulun nan na zuba. Daga baya Hajiyar ta kawo wani farin gari a ƙullin leda, babu suna babu rubutu, ta ce ƙanƙane ake sawa. Na ce mene ne? Ta ce, "Sirri ne, daga waje yake." Ni kuwa da na ji an ce daga waje, sai na ga ai tambaya ta ƙare.

Haka haɗin ya samu. Babu malamin da ya koya mini, babu awo sai na ido. A kwanon sha nake damawa, da hannuna tsirara, kamar mai dama fura, don na yarda cokali ba ya jin laushin mai. In mai saye ta zo tana wasi-wasi, sai in naɗe hannun riga in miƙa mata damtsena in ce, "Duba nan, ni ce shaidar kayana." Kin ga ni ce mai haɗawa, ni ce allon talla, ni ce kuma akuyar gwaji.

Kifin da za mu ci ma sai mun buɗe kunnensa mun duba, mun shinshina, mun tambayi wanda ya kamo shi ko na yau ne. Amma abin da zan shafe jikina da shi tun daga goshi har tafin ƙafa, safe da yamma, shekara da shekaru, ban taɓa tsayawa na ce sai na san abin da ke ciki ba. A tunanina abin da ba a haɗiye ba, ba ya shiga ciki. Ashe fata ma baki gare ta, tana sha, ba ta dai yin ƙara ne.

To ke kin fi ni gata. Ni aji shida na tsaya, Turancin jikin kwalba ya fi ƙarfina. Ke kina karantawa. Duk abin da za ki ɗora a jikinki, mai ne, sabulu ne, na gashi ne, ki juya bayansa ki karanta. Wanda ba shi da rubutu, ko aka ɗuro shi a kwalbar da ba tasa ba, ki bar wa mai shi kayansa ko da 'yar ɗakinku ce. Wanda aka ce miki sirri ne, ki ce a riƙe sirrin. Wanda kuma aka yi miki alkawarin zai canja ki cikin kwana bakwai, ki tambayi kanki: mene ne wannan da ya fi rana da hayaƙin shekara ashirin ƙarfi, kuma ina zai tafi in ya gama da fatar?

Babanki, Allah ya jiƙansa, bai taɓa cewa in yi ba. Bai kuma iya faɗa ba, kin san shi. Wata rana ya dawo daga ruwa ina tsaye cikin mata, sai na ga yana ta waige-waige. Da ya taka tudu na ce, "Malam, wa kake nema?" Ya ce, "Wata baƙar mata nake nema, 'yar Wara. Da can tun daga tsakiyar ruwa nake hango ta, in san na iso gida. Ko kin gan ta?" Na ce, "Ta yi ƙaura." Ya ce, "To in kin haɗu da ita ki ce mijinta na gaishe ta." Ya saɓi komarsa ya wuce.

Na ɗauka zolaya ce irin tasa, har na ba mata labari muna dariya. Sai bayan shekaru na gane mutumin nan roƙona yake yi, da iyakar bakin da Allah ya ba shi. Ki riƙe wannan ma: mai ƙaunarki ba kullum yake ɗaga murya ba. Wani cikin wasa zai gaya miki gaskiya sau ɗaya, in ba ki ɗauka ba ya yi shiru.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi. Kin tuna Gwaggo Kulu, mai bandar da ke jikin tamu, wadda ke ajiye miki kan kifi ragon ruwa in kin dawo daga makarantar allo. Tare aka kawo mu Yelwa amare a shekara ɗaya. Ita ta karɓi haihuwarki kafin ungozoma ta iso. Kin san ta rasu kina 'yar shekara tara, an ce miki ciwon ƙoda ne. Ba a yi miki ƙarya ba, an dai rage miki.

Kulu ta daɗe tana yi mini tsiya. Takan ce, "Ta-Wara, ke dai kin zama gwanda, waje ja ciki baƙin iri." Amma da bikin ƙanwarta ya matso, sai ga ta da kwalba a cikin zane. Ta ce, "Ɗan ɗiba mini na wata guda, in fita kunyar dangin ango. Kuma in kin gaya wa kowa sai na ci mutuncinki." Na ɗiba mata. Biki ya wuce, Kulu ba ta bari ba, don duk wadda ta bari sai ta fi da baƙi, ga ƙuraje ga ƙaiƙayi, sai ta dawo da gudu. Ni a lokacin ina ganin wannan shi ne albarkar sana'a.

Ga inda na yi babbar ɓarna. Matan banda suka fara kuka cewa hayaƙi na mayar musu da aiki baya. Sai na ba su shawara daga kaina, ba tare da na tambayi kowa ba. Na ce su riƙa laɓta shi da kauri kafin su tsaya gaban wuta, wai zai tare hayaƙin kamar yadda yaɓe ke tare ruwan sama. Suka yarda, don Ta-Wara ce ta faɗa. Sai ka ga mace ta ajiye kwalba a gefen murhun banda, ta shafa, ta juya kifi, gumi ya wanke, ta ƙara shafawa. Wuta na buɗe fata, rana na dukan ta, man na shiga. Abin da 'yar birni za ta shafa a wata uku cikin inuwa, matan bakin ruwa a wata ɗaya suke shanye shi a gaban wuta. Da hannun nan kuma ake juya kifin da mutane za su ci. Kulu ta fi kowa bin shawarar, don ta fi kowa yarda da ni.

Shekara ta biyar, ƙayar kifin ƙurungu ta yanke ta a hannu. Wane mai banda ne ƙurungu bai taɓa sara ba? Mukan matse jinin, mu sa gishiri, mu ci gaba da aiki. Na Kulu ya ƙi rufewa. Mako uku yana ruwa. Ga ƙafafu sun kumbura, ga fuska ta yi fam kamar an hura. Na raka ta asibiti. Da aka zo ɗinke wurin, ina tsaye ina kallo, zare ya ƙi zama. A soka allura a ja, fatar ta yage kamar takardar da ta sha ruwa.

Likitan ya ajiye allura ya dube ta, ya dube ni, don fuskokinmu iri ɗaya ne. Ya ce, "Baba, wane mai kike shafawa?" Ta ce haɗi ne. Ya ce, "Wa ke haɗa miki?"

Zulai, ina tsaye dab da kafaɗarta. Kulu ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Wata mata ce mai yawo da kaya a ka. Ban san gidansu ba."

Ni kuma na bar ƙaryarta ta rufe ni.

Likitan ya sa aka kawo kwalbar, ni kuma na haɗo da ragowar kayan haɗin, ban ce nawa ba ne. Ya yi mana bayani da Hausa, a hankali, kamar mai koya wa yara alwala. Ya ce 'yan tub ɗin nan magani ne na ciwon fata, na 'yan kwanaki, da izinin likita. In aka mayar da su man shafawa sai su cinye kaurin fata, su ratsa cikin jini, su iya tayar da hawan jini da ciwon suga, su hana rauni warkewa. Na kwalbar kuma, ya ce da fari yakan haskaka, in an daɗe sai ya juya ya ƙona kumatu da baƙin da ba ya fita. Da ya zo kan sabulun da farin garin, sai ya ce irinsu sau da yawa akwai zaiba a ciki. Na ce wace zaiba? Ya ce, "Irin wadda masu haƙar zinariya ke kama zinariya da ita a dajin nan naku." Ya ce tana lalata ƙoda, tana taɓa jijiya, tana bin ciki da nono ta isa ga jariri, har tawul da zanen gado tana bi.

Mutumin kirki ne, bai cika baki ba. Ya ce ba zai rantse cewa man ne kaɗai ya kashe ƙodar Kulu ba, Allah ne masani. Amma ya ce in 'yar'uwarsa ce, ko a hannu ba zai bari ta riƙe kwalbar ba.

A hanyar dawowa cikin mota na ce, "Kulu, don mi ba ki faɗa ba?" Ta ce, "In faɗa a yi mi? A kama ki, wa zai kai ni Sakkwato wankin ƙoda? Ke dai ki biya kuɗin mota, mayya." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Shekara ɗaya da 'yan watanni muna hanyar Sakkwato, sannan Allah ya karɓi abarsa. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa buɗe baki ta ce ni ce ba, ko ga mijinta.

Na sha zama in ce da ma ta tona ni. Da an zage ni a kasuwa, da an fasa kwanon a kaina, wataƙila da na ji sauƙi. Rufin asirin da ta yi mini shi ne kaya mafi nauyi da na taɓa ɗauka. Shawarata a nan gajera ce: kar ki taɓa ba wani abin da zai sa a jikinsa alhali ba ki san shi ba, balle ki ɗora da fatawa. Wadda za ta fara saye a hannunki ba baƙuwa ba ce. Ƙawarki ce, mai kwana a gadon da ke saman naki, wadda za ta saya don ta yarda da ke.

Daga ranar asibitin nan ban ƙara dama haɗi ba. Na haƙa rami a bayan gida na binne kayan, ban zuba a ruwa ba don kar kifi ya sha. Sai dai ko a nan ban tsira daga kuskure ba, kuma wannan na ƙarshen shi ya haifi roƙon da kika yi mini a tasha. Na bari, amma ban faɗi dalili ba. Mata suka yi ta sallama, ina cewa kaya sun yi wuyar samu, ko in ce tsufa ya zo, hannu ya gaji. Kunya ta hana ni cewa guba na sayar muku. Sai suka koma wurin wasu masu haɗin, suna cewa, "Allah sarki, ai ba a ƙara yin irin na Ta-Wara ba." Ke kuma kika taso cikin wannan kirari, kina ganin uwarki ta binne wata dukiya tana yi miki rowa. Ba laifinki ba ne. Ni na bar ƙaryar ta girma tare da ke a gida ɗaya.

Kin sha tambayata abin da ya sami kumatuna, ina ce miki wutar banda ce. Ba ita ba ce. Wutar banda ta gasa kakarki shekara arba'in, ta mutu fuskarta sumul. Wannan baƙin mai kama da gindin tukunya, da jan da ke kewaye da shi, da nankarwar da ta tsattsaga mini damtse har ba na son naɗe hannun riga gaban mutane, da ƙwayar hawan jinin da kike miƙo mini kowace safiya, duk canjin da aka ba ni ne. In kin ga rubutun nan na rawa, kar ki ɗora wa tsufa duka laifin.

Ina ƙarama, in mun shiga jirgi da kakarki za mu ƙetare, akwai inda takan sa a sassauta. Sai ta nuna ruwa da baki ta ce, "Nan gidanmu yake kafin a yi dam. Ga inda tsamiya take, ga turken awaki." Mu yara mu leƙa, ba mu ganin komai sai ruwa da inuwar kanmu, mu yi ta ƙyalƙyala. Yanzu na daina dariya. Haka nake yi gaban madubi. Nakan ce nan fuskata take, nan ne inda kumatu ke sheƙi. Ita kakarki ruwa aka sako mata, ba a yi shawara da ita ba. Ni da hannuna na buɗe wa nawa hanya. Hoton bikin Shangan nan ma da aka yi mini dariya a kansa, na aika an nemo mini shi wurin dangin amarya, an ce ya ɓace. Babu inda baƙar matar nan ta rage. Babanki ya tafi bai ƙara ganin ta ba.

Sai da na haife ki, kina girma, na fara hango ta. Goshin, da wuyan, da sheƙin nan in kin fito wanka kin shafa man kaɗanya. Babanki ya riga ni lura. Kina 'yar shekara goma sha biyu kin tsaya bakin ruwa da tire a ka, ya taɓo ni ya ce, "Ashe ba ta yi nisa ba." 

Shi ya sa zan gaya miki abin da na gani a tasha, wanda na haɗiye don kar in kunyata ki gaban direba. Da kika riƙe mayafina, na dubi hannunki. Bayan hannun ya washe, gaɓoɓin yatsun sun fi shi duhu. Auta, shekara goma sha biyu ina wannan sana'a. Ko cikin mata ɗari na san hannun da ya fara. Na lissafa bai fi wata uku ba, tun lokacin da kika fara rufe akwatinki da kwaɗo.

Ban yi fushi ba. Wace ni? Mai ɗauke da kumatu irin nawa ba ta da bakin faɗa. Roƙo nake yi, kuma ni ba cikin wasa zan yi nawa ba, don na ga inda na babanki ya ƙare. Ki bari.

Amma ki bari da hankali. Ki ɗauki duk abin da kike shafawa, har da kwalinsa, ki kai asibiti ki nuna. Kar ki ce wata mai yawo da kaya ce, ki faɗi gaskiya duka, da tsawon lokacin. In akwai tub a ciki, likita ne zai gaya miki yadda za ki janye, don wani in an yanke shi rana ɗaya fata kan yi bore. Ki sani za ki yi duhu fiye da da na ɗan lokaci, wataƙila da ƙuraje. Nan ne kowa ke karaya ta koma. 'Yan ɗakinku za su ce, "Zulai, lafiya? Ko ciwo kika yi?" Ki ce musu warkewa kike yi. Ki riƙa sa mayafi in rana ta take, ki koma wa man kaɗanya da sabulu marar hayaniya. Naki bai yi nisa ba, fatar yarinya tana da haƙuri, in Allah ya so za ta dawo. Tawa ce ta wuce kiran.

Tunda na buɗe baki bari in ƙarasa. Dayis ɗin da kuke zana hannu da shi ranar biki, in ya fara yi miki zafi ko ƙaiƙayi, ki wanke, kar ki ƙara, lallen gargajiya bai taɓa tayar wa kowa da bororo ba. Man miƙar da gashi da ake cewa a daure sai ya ci, abin da ke ci ɗin fatar kanki ce. Kwallin da ba ki san asalinsa ba, an ce wani akwai dalma a ciki, kar ki sa, balle wata rana ki sa wa jariri. Ban ce ki zauna kamar kututture ba. Ki yi kitso, ki yi ƙunshi, ki sa turare, ki yi kyau ki more ƙuruciyarki. Garin gyaran gira ne dai ba na so a rasa ido.

Zancen sabulu da omo kuwa, ki dame ni. Don mi nake raye in ba don ki dame ni ba? In sana'a kike so, hannunki ya iya kitso, ya iya yajin kifi da ko a Yelwa ana sallama a kansa. Wannan in kin sayar wa mutum, gobe kin iya haɗa ido da shi.

Haɗin dai ba zan rubuto ba. Yana nan a kaina tsaf, awo da komai, ban manta ko ɗaya ba, kuma da shi za a binne ni. Na san kin riga kin yi wa 'yan ɗakinku alkawari, za su tare ki su ce ina saƙon Inna. Kar ki ce musu na manta, kar ki ce tsufa ne. Wannan ƙaryar na yi ta shekara goma sha ɗaya, ta ishe ni. Ki zaunar da su ki karanta musu takardar nan tun daga sama, da sunana, da na garinmu, da abin da na yi wa Kulu. Na yafe kunyar. Jiya ma na je gidan mijinta na faɗa masa da bakina. Ya ce shi da kansa ya gane tun tana raye, ita ta hana shi magana. Daga can na wuce bakin banda na gaya wa matan. Wasu sun zage ni, wata ta yi kuka, wata kuma ta tura kwalbarta ƙarƙashin tabarma tana zaton ban gani ba. Ban san ko za su bari ba. Na dai faɗa.

Saura ke. In abin ya yi miki nauyi, fuska ta rikice har kina jin kunyar shiga aji, kar ki koma wa kwalba. Ki hau mota ki taho gida ko na kwana biyu ne. Mu zauna tsakar gida ni da ke, masu dabbare-dabbare biyu, ba mai yi wa wata dariya.

Allah ya tsare mini ke, ciki da waje. Ya tsare lafiyarki da imaninki, ya ba ki ilimi mai amfani, ya sa ki fi ni jin magana. Ya jiƙan babanki, ya jiƙan Kulu, ya sa ta yafe mini a can kamar yadda ta rufa mini a nan. Ya dawo mini da ke lafiya, da ƙafafunki, in gan ki da idona.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki.